Ƙyallen da Ma'u Ta Warware

Duk ƙyallen da ya faɗo daga almakashina, kafin ya huta a ƙasa Ma'u ta san da shi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana zuwa shagona na bakin kasuwar Gaya tana kwashe mini ragowar yadi, ban taɓa jin ta ce na gode ba. Taubashiyata ce, uwarta ƙanwar ubana, don haka ba ni da inda zan kai ƙara. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Yi ta surutu, Sumana. Keken naka ma ran da na so shi ɗauka nikai."

Ni tela ne, da keke nake aiki. Ita kuwa surfani take yi da hannu, wuyan riga da aljihu, zanin gado, rigar matashin kai. Mun daɗe muna gardama a kan wanda ya fi wani. Ni ina cewa abin da take kwana goma tana yi, kafin azahar na gama shi. Ita tana cewa aikina wanki uku yake ya yamutse. Gaskiya tana wajenta, amma ba zan faɗa a gabanta ba.

Abin da take yi da ƙyallayen nan shi ya sa na daina jin haushi, ko in ce na rage. Ma'u ba ta sa allura a kayan mutane sai ta gwada ɗinkin a ƙyalle tukuna. In ta ga sabon aiki a wuyan wata mata a kasuwar Malanbil, sai ta bi ta da gaisuwa da tambayar gida har ta ƙare masa kallo, ta dawo ta zauna ta yi ta gwadawa. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta rubuta komai, amma ba ta taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Tana huda kusurwar kowane ƙyalle ta zura shi a igiya, na farko a ƙasa, na jiya a sama. A ɗaya kusurwar kuma tana ƙulli. Ƙulli ɗaya, ta gwada bai zauna ba. Biyu, hannunta ya kama. Uku, ta riga ta yi wa wani a riga ya sa ya fita cikin mutane. Sunan ɗinki kuwa sunan wanda ta gani a jikinsa ne: akwai na matar ɗan duwan, wato jami'in kwastan, akwai na mai kifin Yelu, akwai wani ma da take kira na mara kunya, don matar ta ƙi tsayawa a duba.

Igiyar tana zaune cikin kwalla a ƙarƙashin gado, da busasshen barkono saboda ɓera. Ɗiyarta Nuriya, wadda ta yi boko, ta taɓa sayo kaye, littafin rubutun 'yan makaranta, ta ce za a liƙa ƙyallayen ciki da lamba-lamba. Ma'u ta saurare ta har ta gama, ta yaba hankalinta, sannan ta ba ƙananan yara kayen suka yi zane a ciki.

Cikin ƙyallaye sama da ɗari, guda ɗaya ne ba shi da ƙulli ko ɗaya. Wani ɗan farin yadi ne, bai kai tafin hannu ba, da layi biyu na ɗinki da baƙin zare, kitse-kitse kamar zangarniyar shinkafa. Ba hannun Ma'u ba ne. Na Inna Sa'ida ce ta Bana, wadda ta fara riƙa mata allura tun tana budurwa. Wata rana da Ma'u ta kai mata ziyara, tsohuwar ta ɗinka shi suna hira, ta miƙa mata ta ce ta dawo bayan girbi ta nuna mata yadda ake yi. Girbi ya zo ya wuce har sau huɗu. Yau haihuwa, gobe biki, jibi aiki ya yi yawa, Bana kuwa ga ta nan kusa, mutum yana ganin ko yaushe zai iya zuwa. Sai dai aka aiko cewa Inna ta rasu. Wannan abu yana cin Ma'u a rai, ni na sani, ko da yake ba ta cika zancensa ba.

Bara bayan ƙaramar Salla, kabu-kabu ya sauke mijin marigayiyar, Baba Alfari, a ƙofar gidan Ma'u da ƙunshi a hammata. Ina wurin, na kai mata zare. Bayan an gaisa ya sha ruwa, ya kwance ƙunshin. Farar riga ce ta shadda, wuyanta da rabin aljihu sun sha wannan ɗinki na Inna, sauran rabin kuwa zane ne kawai na alƙalami.

Ya ce, "Ɗiyata, wagga riga ita Innarku taka yi min ciwo ya kama ta. Matar autana ta kusa sauka, in mace anka samu sunan Innarku za a sa. Ina so in sa rigar ran suna. An ce min duk Gaya ke ɗai ka iyawa."

Ma'u ta amsa da sauri, "To, Baba, in Allah ya so."

Da ya tafi na dube ta na ce, "Ke, kin iya shi?"

Ta ce, "Mi ya shahe ka? Tsoho ya taso tun daga Bana, in ce mishi ban je na koya ba?"

Kwana biyar tana fama. Ta ɗora ƙyallen Inna a cinya, ta duba gaba, ta duba baya, ta gwada a wani. Nuriya ta ɗauki hotonsa da salula ta buɗe shi har zare ya yi kaurin igiyar guga, amma hoto ba ya nuna inda allura ta bi. Duk abin da Ma'u ta ɗinka sai ya fito kusa da shi, amma kitson ya kwanta ta wani gefe daban. Ran na shida ta zo shagona ta zauna a benci, ƙyallaye zube a gabanta ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai. Na ce ta kawo in cike mata da keke, daga nesa ba wanda zai gane. Kallon da ta yi mini har yau in na tuna sai in ji kunya.

Hanya ɗaya ta rage, ita ma ta sani. In kana son sanin yadda aka yi ɗinki, sai ka warware shi, ka bi zaren da baya. Rigar tsoho ba ta taɓuwa. Saura ƙyallen, wanda shi kaɗai ne aikin hannun Inna da Ma'u ta mallaka a duniya. In ta warware ta gane, ta sami ɗinkin ta rasa ƙyallen. In ba ta gane ba, ta rasa duka biyun, ga tsoho yana jira.

Da safe ta aiko in zo in riƙe mata. Na rufe shago, ni da mutane ke jiran kayansu, na je na zauna a gindin mangwaron gidanta na miƙe ɗan ƙyalle da hannu biyu. Ta yi bisimilla ta sa bakin allura ta ɗaga zaren ƙarshe. Tana zare ɗaya, ta tsaya, ta gwada a sabon ƙyalle, ta girgiza kai, ta zare na gaba. Layin farko ya tafi gaba ɗaya ba ta gane komai ba. Na ɗan gyara zama, ta ce in na sake motsi za ta ɗinke mini yatsu. Layi na biyu ya kai rabi, ya wuce rabi, saura abin da bai fi faɗin farce ba. Sai na ga ta daina, ta bi zaren da ido daga hagu zuwa dama, ta sake bi. Ta saki allura ta dafe kai.

"Wayyo ni Ma'u! Sumana, Inna bahaguwa ta!"

Ashe tsohuwar da dama take cin tuwo, da dama take miƙa wa mutane abu, amma allura da hagu take riƙewa. Ma'u ta zauna gabanta shekaru tana kallo, abin ya fita daga kanta. Duk kwanakin nan tana bin ɗinkin ta inda ya kamata ta ƙare. Da ta tuna tun farko, da ba a taɓa ƙyallen ba. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye kuma suna zuba, ni ma na rasa wanda zan taya ta. Ta juya sabon ƙyalle kai a ƙasa, ta faro ta ɗaya gefen, amma juyin ƙarshe bai fito ba sai da ta zare ɗan abin da ya rage. Ƙyallen Inna ya koma farin yadi da hudojin allura.

Kwana goma sha biyu ta cike aljihun. Allah kuma ya kawo mace. Ran suna muka tafi Bana, na sha fura har na ƙoshi, na gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da hannuna a aikin rigar nan. Bayan mutane sun ragu, Baba Alfari ya sa aka kira Ma'u zaure. Ya tuɓe rigar ya shimfiɗa a kan tabarma, yana shafa aljihun da yatsa.

Ya ce, "Tun da sahe nike nema ban gani ba. Gwada min inda hannunta ya tsaya."

Ma'u ta durƙusa da murmushinta, ta kai yatsa tsakiyar aljihun, sai ta janye. Ta matsa gaba kaɗan, ta dawo baya. Ta ɗaga rigar ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Murmushin ya tafi. Ta juyo wajen tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ni ma ban gane ba."

Tsohon ya tashi tsaye. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi rigarsa, ya zura ta a wuya, ya gyara zaman aljihun a ƙirjinsa.

Ya ce, "To bar nema, ɗiyata. Duka nata na."