Mai Tsaron Sunayen Baƙi

A wata rumfa kusa da tashar Magarya akwai wata mata da nake tsayawa kallo. Siririya ce, ta ɗaure ƙafar tabaraunta da zare, lallen yatsunta ya koɗe saboda danne-danne. Tsofaffin kwamfutoci take zuba wa Linux, manhajar da ke tafiyar da na'ura, wadda dubban mutane suka rubuta suka bar wa duniya.

Yau wani ɗan kasuwar Bande ya kawo nasa kwamfutocin na sayarwa. Yana so ta goge dogon shafin sunayen marubutan, ta kulle manhajar don kada a kwafa.

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Alhaji, sayarwa kam lasisi ya yarda, ka ci ribarka. Ga-ruwa ma yana sayar da ruwan rijiyar da bai haƙa ba. Amma ka taɓa ganin ya sa mata kwaɗo?"

Sai ta bi sunayen da yatsa a hankali, leɓɓanta na motsi, kamar mai lissafo malamanta. Ina jin ko ɗaya ba ta taɓa gani ba.

Ni ban san sunanta ba. Ita kuwa ba ta yarda na kowa ya ɓace.