Ranar da Na Kai Suwic Yawon Gari

Duk Yamai, in ana lissafin masu haɗa rezo, wato sada kwamfutoci da juna, ni ne na ɗaya, na biyu kuma har yau ba a haife shi ba. Haka nake faɗa wa yaran ekip ɗinmu, abokan aikina, kullum. Sai dai akwai wata Alhamis ta bara, cikin zafin nan mai narkar da kwalta, wadda ta ƙi fita daga kaina.

Shef Hamani, mai kamfaninmu, ya tura ni wani ɗakin awon jini wajen unguwar Lazare. Sun sayi sabon suwic, wato akwatin da wayoyin ordinatoci, kwamfutoci ke nan, duka ke haɗuwa a cikinsa, kuma ba ya cika aiki sai an kunna masa lisansi, izinin kamfanin da ya ƙera shi. Shef ya ja mini kunne: in aikin ya yi kyau, mu za a ba kwangilar kula da rezon gidan duka.

Matsalar, rezon nan ba ya taɓa intanet, saboda sakamakon awon mutane ke bi ta ciki. Madam Zalika, mai kula da tsaronsa, ta bayyana mini ƙa'ida. Suwic zai ba ni wani dogon kod na lambobi da haruffa, in kai shi inda akwai intanet, in sa a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, su ba ni amsa, in dawo in shigar da ita. Na ce mata na san wannan tun tana makaranta. Ta shiga taro.

Ina ganin kod ɗin, tsawonsa kamar daga Lazare zuwa gadar kogi, sai basira ta sauko mini. Mutum kamata ya zama ɗan aike tsakanin akwati da intanet? Na kwance suwic, na ce wa mai gadi gyara za a yi, na tare kabu-kabu. Na rungume shi a cinya kamar jaririn suna, muka ratsa unguwar Wadata, ina yi wa masu amalanke tsawa su ba kimiyya hanya. A bironmu, wato ofishin kamfaninmu, na sa masa intanet, lisansi ya kama kafin shayina ya huce. Har na tafa wa kaina, tunda ba wanda ya yi niyya.

Da na dawo, Madam Zalika tana tsaye a ƙofar ɗakin na'urori. Ta tambayi inda muka fito, ni da suwic. Na ba ta labari dalla-dalla, har da ƙari, ina jiran yabo.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na'urar da ta taɓa intanet ba ta shiga ɗakin nan sai an goge ta kaf, an mayar da lisansin, an sake komai bisa ƙa'ida. Ta kira Shef Hamani a gabana ta ce maganar kwangila a bar ta tukuna.

Na ce, "Amma Madam, ai ya yi aiki."

Ta dubi suwic ɗin a hammatata, ta dube ni.

"Malam Isufu, duk gidan nan abu ɗaya muke tsare wannan akwati daga gare shi, kai kuma ka biya kuɗin kabu-kabu ka kai shi har ƙofar gidansa."