Ranar da Sa'adatu Ta Kai Dutsen Niƙa Jami'a

Sa'adatu ɗiyar kawuna Dogo ce, taubashiyata kenan, don haka ina da hurumin faɗin halinta ba tare da na nemi afuwar kowa ba. Taurin kai gare ta, na Allah ya isa. A Madarunfa aka haife ta, unguwar masunta da ke gangaren tafki. Tun tana ƙarama, idan aka ce yarinya ba ta shiga jirgi, washegari a tsakiyar ruwa za a hango ta tana taya babanta jan taru. Da ta gama sakandare dangi suka taru suka zaɓa mata aikin jinya. Ta saurare su tsaf, ta yi godiya, ta tafi wata jami'a mai zaman kanta a birni ta rubuta sunanta a sashen aikin jarida.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya haɗa ɗan fim da hannunsa. Sa'adatu ta zaɓi waƙoƙin niƙa na kakarmu Tani. Tun da injin niƙa ya shigo gari mata suka jingine duwatsunsu, waƙoƙin suka bi su, kuma a unguwarmu Tani kaɗai ta rage da su a ka. Ga shi tsufa ya cim mata, tari ya kama mata ƙirji, daminar bara ma har mun fid da rai. Kowa a gidan ya san idan ba a ɗauki muryarta bana ba, wataƙila ba za a ɗauka ba har abada.

Da waya ta fara gwadawa a tsakar gida. Abin da ya fito iska ce, da kukan akuya, da rurin injin maƙwabta, muryar tsohuwa can ƙasa. Malaminta ya saurara ya ce ta nemi kayan aiki na gaske. A ina? Ya ce ta tambayi sakatariya. Sakatariya ta tura ta wurin shugaban sashe, shi kuma ya tura ta ɗakin karatu. Da wani ne, da tuni ya haƙura. Ita ko ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi har ta dace da wani ɗaki a bayan ɗakin karatu, wanda ɗalibai da yawa suka gama makarantar ba su san da shi ba. Akwai kamara, akwai makirfo, bango an lulluɓe shi da soso, sanyi kamar cikin randa. Mai kula da shi wani Malam Alhassan ne, mutum mai fara'a amma mai riƙon doka.

"Ki zo duk sa'ad da kike so, ƙanwata," in ji shi. "Amma kayan ga ba su fita ƙofar nan. An taɓa aron kamara guda, har yau ba ta komo ba."

Ni ke tuƙa taksi tsakanin Madarunfa da birni, don haka ni na kai Tani. Ta sha sabon zane, aka zaunar da ita bisa kujera mai juyawa, aka kawo makirfo dab da bakinta. Malam Alhassan ya ɗaga hannu alamar ta fara. Tani ta ƙura wa makirfon ido. Ta buɗe baki, ta jawo baiti guda, ya tsinke a tsakiya. Ta sake, ya sake tsinkewa. Ban taɓa ganin kunya a fuskar Tani irin ta ranar ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

A mota ta ce, "Ku maishe ni gida. Ni ban taɓa waƙa zaune ba kamar matar gwamna. Hannu ka jan waƙar ga. In babu dutse, ba ni da abin cewa."

Sa'adatu ta koma ta roƙi Malam Alhassan ya ba ta kayan na wuni guda. Ya ce a'a. Ta kai kuka wurin shugaban sashe, ya ba ta shawarar ta canza batu, ta yi fim kan kasuwar Ɗan Issa, ya fi sauƙi. Da ta gaya mini haka na ce mata gaskiyarsa, ta ɗauki mai sauƙin ta samu takardarta ta huta. Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa a ƙeyata.

Da asubar wata Talata ta tashe ni. Ta riga ta tono dutsen niƙan Tani daga bayan rumbu, inda kaji suka mai da shi wurin kwana, ta wanke shi tas, ga ƙwaryar gero an surfa an shanya. Mu uku, ni da ita da babanta, muka ciccibi dutsen nan zuwa bayan mota, har taya ta lotsa, sannan muka ɗauko Tani. Mai gadin jami'a ya leƙa ya tambaya ko gini za a yi. Sa'adatu ta ce kayan karatu ne.

Malam Alhassan yana ganinmu a bakin ƙofa ya miƙe tsaye.

"Mi ne wanga?"

"Malam, ka ce kayanku ba su fita. Na yarda. Ka gwada mini inda anka ce namu ba su shiga."

"Gari zai shiga cikin na'urori."

"Na zo da zannuwa, sai mu rufe su. In wani abu ya lalace a kore ni daga makaranta. Amma tsohuwar ga ba ta komawa gida yau da waƙarta a ciki."

Ya dubi Tani da ke dogare da sanda tana haki. Sannan ya naɗe darduma da hannunsa, ya sauko da makirfo har ƙasa.

Tani ta durƙusa, ta zuba gero, ta kama ɗan dutsen. Turawa ta farko, ta biyu, sai murya ta fito, siririya amma a miƙe, wadda rabona da ita tun ina yaro. Ta yi waƙar matar masunci da ke jiran jirgi har tuwo ya huce. Ta shiga ta biyu, wadda uwarta ke yi shekarar yunwa. Ba ta kai rabi ba hannuwanta suka gaza. Dutsen ya tsaya, waƙar ta tsaya tare da shi. Ta yunƙura, ta kasa. Ta zauna dirshan tana kallon tafin hannunta.

"Ƙarfin ya ƙare," in ji ta. "Sauran suna nan, amma ba mai jawo su."

Na zaci shi ke nan. Sa'adatu ta cire takalmi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa gaban dutsen. Yarinyar zamanin inji ce, ba ta taɓa niƙa ba a rayuwarta. Gero ya riƙa tsalle yana watsewa, ni kuwa dariya ta kusa ƙwace mini. Tani ta matso, ta ɗora tafinta a gadon bayan jikarta, tana danna ta gaba tana sakinta.

"Ba da hannu ba, sakarya, da ƙugu. Sannu. Haka."

Da tafiyar ta daidaita, sai waƙar shekarar yunwa ta ɗora daga daidai inda ta tsaya. Wata ta biyo, wata ta sake biyowa, har da waɗanda kawuna Dogo ya ce daga baya shi ma bai taɓa ji ba. Malam Alhassan bai motsa daga wurinsa ba. Ni na juya fuskata bango, don taubashi ba ya kuka gaban taubashiyarsa.

Ƙwaryar ta ƙare kafin azahar. Tafin Sa'adatu ya yi bororo, ɗaya har ya fashe, gumi ya jiƙe mata riga duk da sanyin ɗakin. Malam Alhassan ya ce abin da aka samu ya ishi fim biyu, a bar shi haka ta huta. Ta dubi Tani. Tsohuwa ba ta ɗauke hannu daga bayanta ba, leɓɓanta suna motsi.

Sa'adatu ta yage gefen mayafinta ta naɗe hannun, ta juyo gare ni.

"Tashi ka tai kasuwa ka auno gero. Ba ta gama ba."