'Yar Nas a Gayyar Citta

Wata Asabar ce a watan Nuwamba, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka yi gayyar yankan citta a gidan maƙwabciyarmu Mama Saratu a Fadan Kagoma. Tun da hantsi mata suka baje a gindin mangwaro da wuƙaƙensu, mu yara muna kwasar wadda aka tsaga muna shanyawa a kan dutse, yajinta na cin yatsunmu. Da rana ta take aka fito da paten acca a babbar roba, yara suka kewaye ta. Na wanke hannu na durƙusa kusa da ƙawata Rifkatu ke nan, sai Mama Saratu ta miƙo mini nawa a wani ɗan kwano daban. "Ke 'yar nas, zauna can," in ji ta da irin Hausarmu ta gida. "Mamanki yana taɓa masu tari."

Gaskiya ta faɗa. Mamana ce kaɗai nas a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, in mai shara ta tafi gona ita ce mai shara. A daminar wannan shekarar ta je har bukkar gona ta ɗauko wani dattijo mai tarin fuka da danginsa suka ware, ta kwantar da shi a ɗakin baya na asibitin, tana ba shi magani da hannunta. Ta sha faɗa wa mutane cewa ciwon na warkewa, amma wa ya saurare ta? Daga ranar gayyar nan aka daina kirana wasan carafke. In za a rafi Rifkatu takan bi ta bayan gidanmu don kada in gan ta, ni kuwa ina ganinta sarai ta cikin darni. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, na koma hira da awakinmu.

Maimakon in ji haushin gari, sai na ji haushin Mama. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar Baba, kuma tare muke cin abinci. Wata yamma ta dawo a gajiye, ta yi wanka, ta zuba mana tuwo da miyar karkashi, sai na ɗebi nawa na koma bakin ƙofa na juya mata baya. "To, Ladi, yi addu'a ki ci," kawai ta ce. Haka muka yi ta yi har dattijon ya warke ya koma gonarsa, har na tafi makarantar kwana a Kafanchan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni.

Yanzu asibitin ya samu fenti da sola, amma nas ba ta shekara biyu sai ta nemi canji zuwa birni, kuma ban ga laifinsu ba. Bara da muka binne Mama coci ya cika har waje, tsofaffi suna ta cewa ba za a sake irinta ba. Na san ta yafe wa garin tun tuni, don har ta tsufa ba ta rufe wa kowa ƙofa ba. Ni ce dai ban taɓa ce mata ta yi haƙuri ba.