Ranar da Gwanina Ya Kafa Tarihi, Inna Ta Ɓace

Akwai ranar da mutum ke mantawa da ita tun kafin ya wanke hannu daga tuwon dare, akwai kuma wadda sai dai ta raka shi kabari. Tawa ita ce ranar da gwanina ya zama wanda ya fi kowa ci wa ƙasarsu ƙwallo a tarihi. Mutane na can suna murna, ni kuwa ina tsakiyar gonar gero a bayan Jibiya, ƙafa ba takalmi, ina kiran mahaifiyata ba ta amsawa. An kwana biyu da yin abin, amma har yau ina tuna shi kamar jiya.

Ni tela ne, shagona yana kan hanyar da manyan motoci ke bi zuwa bakin iyaka. Allah ya yi ni da gardama, kuma wannan ne kaɗai zancen da idan an yi min ba na gardama a kansa. Abokin karawata wani mai facin taya ne da rumfarsa ke jingine da shagona. Tare muka tashi, tare muke cin abinci, amma ba mu taɓa son ɗan wasa ɗaya ba.

Gwanin nawa ɗan wasan gaba ne na wata ƙasa can nesa, wadda ko a taswira sai an nuna min ita. Tun yana ɗan saurayi nake binsa. Idan ya ci wa kulob ɗinsa ƙwallo, mai faci ya ce ai abokan wasansa ne suka dafa, shi ya zo ya ɗauki cokali. Sai in ce to a ƙasarsu fa, inda ba shi da masu dafa masa? Nan ne bakina yake da ƙarfi, don kusan duk lokacin da ya sa rigar ƙasarsu sai ya zura, da kai, da hagu, da dama. Akwai wani tsohon ɗan wasansu da ya daɗe da yin ritaya, wanda ake cewa babu mai kamo yawan ƙwallayensa. Shekara da shekaru gwanina yana matsowa kusa da shi, mai faci yana cewa ƙananan ƙasashe yake samu yana huce haushi a kansu, kuma rabin abin da ya tara duk fanareti ne. Haka muka yi ta yi har ya kamo tsohon, ya rage saura ɗaya tak ya wuce shi.

'Yan acaɓan tashar da ke gabanmu yawancinsu 'yan bayana ne a wannan gardama. Su suka yi alkawarin cewa ranar da aka kafa tarihin nan, za su yi abin da suke yi idan ɗayansu ya yi aure: kowa ya kwance salansar babur ɗinsa, a yi jerin gwano daga cikin gari har bakin iyaka a dawo. Wanda bai taɓa jin babur ba salansa ba, ba zai gane ba. Idan aka murɗa shi aka saki, sai ya riƙa tatata yana fashewa, ba ka raba shi da harbi. Mun ji alkawarin, mun yi dariya, mun tafa. A cikinmu duka babu wanda tunaninsa ya wuce nan.

A wannan daminar ce na ɗauko Inna daga ƙauyenmu da ke bayan Bugaje, bayan 'yan bindiga sun shigar musu. Ta zo da ciwon gwiwa, ido ya fara rauni, ga wani ƙunshin kaya da ta ƙi kwancewa, kullum yana bayan ƙofa. A ƙauye sun koyi wasu dokoki da ba malamin da ya koya musu. Idan an ji babura da harbi, ba a bin hanya, gona ake shiga a kwanta. Kuma ba a amsa kira, ko na waye, domin mutanen nan idan suka kama mutum sai su tasa shi gaba da bindiga, su sa shi ya riƙa kiran 'yan uwansa da sunansu. Wata maƙwabciyarta ta ji muryar ɗanta ta fito, daga ranar ba a sake ganinta ba. Inna ta taɓa faɗa min tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In ka ji sun shigo, kak ka wahal da kanka nemana. Ko muryarka na ji, ba ni amsawa."

Na ce mata nan gari ne, Inna, ga jami'ai ta ko'ina, ta kwantar da hankalinta. Ta ci gaba da tsintarta.

Ranar wasan matata ta tafi Katsina bikin suna, Inna ce kaɗai a gida. Bayan la'asar na rufe shago muka shiga gidan kallo, ya cika har ba wurin sa ƙafa, zufa kamar an watsa mana ruwa. Aka yi rabin lokaci gwanina bai yi komai ba, mai faci yana ta zungurina yana tambaya ko dai yau ya manto ƙafarsa a gida. Can wajen ƙarshe aka kayar da shi a gaban raga, alƙali ya nuna fanareti. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya narka ta a raga. Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Aka yi ta dukan kwanon rufi, wani ya rungume ni har hulata ta faɗi, 'yan acaɓa kuma suka yi waje da gudu, ashe tun da rana sun sassauta salansoshinsu.

Na tsaya a ƙofar gidan kallo ina dariya ina kallon jerinsu ya miƙa. Ban gama dariyar ba na ga mai kayan miya ta watsar da tirenta ta ruga. Sai na ga ana jan ƙofofin shaguna. Wani direban babbar mota ya diro ya bar ta a kunne a tsakiyar titi. Daga can wajen kasuwa aka fara ihu ana cewa sun shigo, sai kuma na ji harbi na gaskiya, 'yan sa-kai sun saki a sama. Mu da muka kalli wasa mun san abin da ake ciki, amma mu nawa ne a garin? Duk wanda ke bayan katanga abu ɗaya kunnensa ya gaya masa: babura da yawa, da harbi.

A nan Inna ta faɗo min a rai. Na zubar da takalmana na sheƙa, mai faci yana bina a baya. Na tarar da ƙofar gida a wangale, tukunya a kan murhu tana ƙauri, tabarmar sallarta a shimfiɗe. Na leƙa bayan ƙofa, ƙunshin ba ya nan. Na fito waje ina kiranta. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga ta ce ta ga tsohuwa ta bi ta lungun baya, ta yi wajen gonaki.

Gonakin bayan unguwarmu sun miƙe har kusa da iyaka, kuma a lokacin gero ya yi kai, ya fi tsawon mutum. Idan ka shiga, ko wanda ke gabanka da taku kaɗan ba ka gani. A bakin gonar muka ci karo da wani ɗan sa-kai, riƙe da bindiga. Muka yi masa bayanin ƙwallo ce, ya dube mu kamar zai mare mu. Ya ce mu yi sauri mu fito kafin rana ta faɗi, don 'yan uwansa sun bazu, kuma duk abin da ya motsa cikin gero bayan magariba ba za su tsaya tambayar sunansa ba. Bai ƙara da cewa mutanen dajin ma ta nan suke ratsawa idan duhu ya yi ba, amma dukkanmu mun sani.

Muka kutsa. Ina kira, mai faci yana kira. Ganyen gero yana yankar min fuska, ƙaya tana shiga ƙafata, ban ji ba. Na ce Inna ni ne, ba kowa, ƙwallo aka ci, ki fito. Shiru, sai kukan tsuntsaye da ke komawa gida. Na rantse mata da Allah, na kira ta da sunan da mahaifina ke kiranta, na ambaci sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin haka maganarta ta ranar tsintar shinkafa ta dawo min, sai na tsaya cak. Ashe duk abin da nake yi, shi ne daidai abin da wanda aka kama zai yi. Duk rantsuwar da na ƙara, ƙara tabbatar mata nake da cewa akwai bindiga a ƙeyata. Wataƙila tana nan kusa tana jina, kuma ba abin da zan faɗa da zai fito da ita.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Ga rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ga hadari ya taso daga gabas. Na riƙa ganinta a raina ta faɗa rami da gwiwar nan tata, ko ta miƙe cikin duhu wani ya sakar mata harsashi, ko ta ɓace ta tsallaka iyaka har hannun jandarmomi ba ta san inda take ba. Na zauna a kan kunyar gero, hawaye suna zuba.

Mai faci ya tsuguna a gefena. Mutumin kirki ne, amma bai iya lallashi ba, Allah bai ba shi ba. Ya yi ta juya hula a hannu yana neman abin faɗa, can sai ya yi tsaki.

"Dubi wahalar da anka jawo muna. Kuma duk a kan hwanareti."

Har yau ban san daga ina abin ya taso min ba. Tsoron da ya cika min ciki ne ya sami ƙofa, ya fito a matsayin faɗa. Na miƙe ina kuka ina zazzaga masa. Na ce fanareti ba ƙwallo ba ce? Na ce naka gwanin sau nawa aka ba shi ya harba ta sama? Na ce wanda ya ci wa ƙasarsu da kai da ƙafa tun kana koyon liƙe taya, shi za ka raina yau? Shi ma da yake ɗan halak ne sai ya miƙe, ya ce ai tsohon da aka wuce a zamaninsa ba a buga wasanni da yawa haka, kuma ƙasashen kirki ya ci. Muka kaure a tsakiyar gonar mutane, muryata har tana dishewa.

Sai muka ji gero ya motsa a bayanmu, kusa ƙwarai, inda na riga na wuce ya fi a ƙirga.

"Kai, ya isa hakanan, kun cika mani kunne. Wanda anka kama ba shi gardamar ƙwallo."

Inna ce, tana kwance rub da ciki tsakanin kunya biyu, ta ja ciyawa ta rufe jikinta, ƙunshin yana ƙarƙashin ƙirjinta. Cinnaku sun yi mata kaca-kaca a ƙafafu, ba ta ko motsa ba. Na durƙusa na riƙe ta. Daga baya ta faɗa min ta ga ƙafafuna sun wuce ta gaban idonta, ta cusa gyale a baki don kada zuciyar uwa ta sa ta amsa, ta riƙa yi min addu'ar da ake yi wa wanda aka riga aka tafi da shi. Wannan maganar ta fi komai tsaya min.

Mai faci ne ya goya ta, ni na ɗauki ƙunshin, muna tafe muna ɗaga murya don 'yan sa-kai su san mutanen gari ne. Mun kusa fita ana kiran magariba, sai ta tambaye ni daga bayansa.

"To mi anka yi?"

Na ce wani ne ya ci ƙwallo, ya wuce duk wanda ya taɓa ci wa ƙasarsu.

"Ɗan garin ga ne?"

Na ce a'a, Inna, ƙasarsu da nisa.

"Ya san ka?"

Mai faci ya ƙunshe dariya har kafaɗarsa na rawa. Ni kuwa na gyara riƙon ƙunshin na ƙara sauri.

Allah ya tsare, ba a rasa rai a garin ba, sai raunuka na masu gudu da kayan da aka tattake. Dattawan unguwa suka kira 'yan acaɓa, tun daga ranar ko a biki ba a sake kwance salansa ba. Ban daina son gwanina ba, ya ci gaba da ƙara wasu a kan tarihinsa, ni da mai faci kuma muna nan muna yi. Abin da ya canja shi ne duk ranar da za a yi babban wasa, kafin in je gidan kallo sai na bi gidajen da na san akwai waɗanda suka gudo daga ƙauye, in ce musu idan sun ji ihu yau, ƙwallo ce. Inna nake fara gaya wa. Takan ce wancan naka da bai san ka ba ne zai yi wasa? In ce shi ne. Sai ta ce Allah ya ba shi sa'a, amma ya ci a hankali.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, murna ma tana da maƙwabta. Kafin ka ɗaga murya don abin da ya faranta maka rai, ka tuna da wanda ke bayan katanga da abin da kunnensa ya taɓa ji. Gwanina ya shiga tarihi da ƙwallo ɗaya, ni kuwa saura kaɗan wannan ƙwallon ta raba ni da wadda ta haife ni. Har yanzu ƙunshin Inna yana nan a bayan ƙofa, kuma ban sake ce mata ta kwance shi ba.