Gefen Hagu na Tordis

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunanta, shekarar da muka bar Bergen muka koma ƙauyen su Baba a bakin ruwa. Mama ta ƙona hannun farar rigar bunad ɗinta, wato kayan gargajiyarmu na biki, da dutsen guga, ta tsaya tana kallon tabon kamar an yi mata rasuwa. Kaka ta leƙo ta ce, "Wa ya aike ki? Ai Oddrun ake kai wa." Na daɗe ina zaton wani shagon wanki da guga ne. Sai ranar Lahadi na ga shagon da idona yana raba kofi a ƙofar coci: wata gajeriyar mace mai saurin tafiya, 'yar ƙanin Kaka, wato goggona.

Goggo Oddrun tana dafa abinci a gidan kula da tsofaffi. Mijinta Arnfinn yana aiki a jirgin fito. 'Ya'yansu uku. Ba wanda ya taɓa naɗa ta shugabar komai a coci, shi ya sa komai yake hannunta.

A garinmu, da ƙanƙara ta narke, hankalin kowa ma sai ya narke. Ga gayyar share maƙabarta, ga 'yan badujalar makaranta suna gwajin faretin ranar ƙasa ta sha bakwai ga Mayu, kullum waƙa ɗaya, kullum kuskure a wuri ɗaya. Ga kuma bikin tabbatarwa, ranar da 'yan shekara sha biyar ke durƙusawa fasto ya ɗora musu hannu, dangi su cika gida a ci kek har a gaji. Duk wannan da bunad ake yinsa, kuma kowane bunad yana da farar rigar lilin mai ƙananan tattara a wuya da hannu, wadda ba ta jin maganar kowa sai ta Goggo.

Ba wanda ke roƙon ta, mu ba ma roƙo. Mutum zai rataye rigarsa a ƙofarta ya ce, "Sai fa in kina da lokaci." Ita kuma ta ce, "Haba, wannan har aiki ne?" Arnfinn ya taɓa gaya wa Baba cewa duk watan Mayu a tsaye yake cin abinci, domin riguna sun riga shi kujeru.

Shekarar da na cika sha biyar, ni da Tordis, autar Goggo, aka sa mana ranar tabbatarwa ɗaya. Tordis za ta sa bunad ɗin kakarta ta wajen uwa, wanda Oddrun ta sa a nata bikin. Sai dai Tordis ta fi su jiki, falmaran bunad ɗin ya ƙi rufuwa. Tun kafin Ista Goggo ta warware ɗinkin gefen hagu don ta buɗa shi. Mayar da shi aikin awa biyu ne.

"Inna, yaushe za ki ɗinke?"

"Gobe, in na sauke na gidan Hauge."

"Jiya ma goben kika ce."

"To ai ga shi ta zo, kin ga na mutu?"

Tordis ba ta yi dariya ba. Yarinya ce mai jin kunyar jikinta, a aji ma bayan kowa take zama. Abin da take tsoro shi ne matakalar coci, inda ake jera masu biki a ɗauke su hoto gari duka yana kallo.

Sati shida aikin awa biyu yana rataye a bayan ƙofa. Daga ƙarshe Goggo ta ware yammacin Asabar, jajibirin biki, ta ce ko Sarki ne ya kawo riga sai ya jira.

Matan coci kuwa sun lura ta gaji, tausayi ya kama su. A wurinmu tausayi hanya ɗaya yake bi, ta murhu. Ba wadda ta tambaye ta me take bukata, domin tambaya shisshigi ne. Kowace ta gasa kek a ɓoye don ta rage mata aiki. Daga ƙarfe biyu suka fara sallama. Wanda ya kawo kek kuma ba a barin sa a tsaye, sai an dafa kofi, an zauna, an yaba. Kek goma sha tara suka shigo gidan, aka kai wasu gareji aka jera kan kwalekwalen Arnfinn. Huɗu daga cikin masu tausayin sun taho da riguna.

"Tunda dai zuwa zan yi," in ji matar Hauge.

"Haba, wannan har aiki ne?"

Saura safiyar Lahadi, kuma a nan ne gidanmu ya shigo labarin. Mama ma ta ji tausayi. Ta ce bana ba za ta ɗora wa baiwar Allah nauyi ba, da kanta za ta goge tawa. Ƙarfe takwas ta fara. Kafin da rabi wuyan rigar ya koma kamar ganyen kabeji. Ƙarfe tara saura kaɗan muna ƙofar Goggo, Mama na cewa, "Wallahi ban so ba." Na ga falmaran a kan tebur, zare a cikin allura, an yi ɗinki bai kai tsawon yatsa ba. Goggo ta ture shi gefe ta kunna dutsen guga. Tordis tana kan matakala da rigar barci. Kallona kawai ta yi.

Da fil tara aka kama gefen. A cikin coci ba matsala, domin duk masu biki doguwar farar alkyabba ake sa musu a kan kayansu, wai don kada a bambanta ɗan mai hali da ɗan talaka. Fasto ya yi wa'azi a kan Marta da Maryamu, cewa hidima ba ita ce komai ba. Goggo ba ta ji ba, tana kicin ɗin coci.

Da aka tashi, kowa ya tuɓe alkyabba sai Tordis. Ta ce ita a haka za ta fita, ko kuma ba za ta fita ba. Mai kula da coci yana tsaye da marataya a hannu yana duba agogo.

Ni ke riƙe da kundin hotunan danginmu yanzu. Na ranar nan arba'in da ɗaya ne, kuma a cikin kowanne ina manne da hagun Tordis, hannuna zagaye da ƙugunta, ina murmushi fil yana sukar damtsena. Ba wanda ya ga komai. Tun daga nan dangi suka yanke cewa mu aminai ne, har yau kujera ɗaya ake haɗa mu a kowane biki, alhali jininmu bai taɓa haɗuwa ba. Bara na ga falmaran ɗin a bayan ƙofar Goggo, da fil ɗinsa tara. Ta ce za ta ɗinke in Mayu ya wuce.

A iya sanina, sau ɗaya Goggo ta taɓa roƙon wani abu a wurin wani, kuma ni ta roƙa. Ranar bikin nan, da Tordis ta ƙi tuɓewa, Goggo ta ja ni bayan ƙofar ɗakin alkyabba, hannunta na warin kofi, ta gyara mini wuyan rigar da ta goge, ta ce, "Ragna, don Allah ki tsaya a hagun Tordis, kada ki matsa sai mun isa gida. In kina da lokaci."