Malam Isiyaku da Takardar da Na Sa wa Hannu

Shekara talatin da biyar ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a Yelwa. Ya rasu muna cikin Jihar Sakkwato, saura kaɗan a yanke mana Kebbi, don haka bai ji alkawuran da aka yi mana a lokacin ba, balle ya zauna jiran cikarsu. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama sai in ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, in yi ta juya shi, in ajiye. Bana na ga ƙarfina yana raguwa, waɗanda suka san mu tare kuma sun kusa ƙarewa. Shi ya sa na ce ko ta yaya sai na rubuta.

Tare muka yi kwalejin horon malamai, tare aka turo mu wata sakandaren je-ka-ka-dawo a Yelwa. Ni labarin ƙasa nake koyarwa, daga baya aka ba ni mataimakin shugaban makaranta. Shi kuwa adabin Hausa ya riƙe, bai taɓa neman wani abu bayansa ba. Dogo ne siriri, kullum da farin alli a gefen rigarsa. Idan an tashi ba ya wucewa gida kai tsaye, sai ya tura kekensa zuwa bakin ruwa inda ake sauke kifi, ya tsaya yana sauraren yadda Gungawa da Kambari da Fulani ke ciniki da Hausa, kowa da irin tasa. Ya kan ce a nan yake sabunta harshensa.

Littattafan da ake karantawa a ajinsa su ne dai waɗanda kowa ya karanta a zamaninmu: hikayoyin sarakuna da alƙalai da fatake, da waƙoƙin wa'azi na malaman da. Yawancin malamai idan an gama labari sai su tambayi darasinsa, yara su amsa baki ɗaya da haƙuri ko gaskiya ko riƙon amana, a rufe littafi. Isiyaku ya tsani wannan. Ya ce ba karatu ba ne, amshi ne. Shi sai ya tsayar da yaro ya ce masa, da kana garin nan ranar da abin ya faru, a ina kake tsaye, kuma me ka ci a daren? Yara su yi ta dariya, sannan su shiga tunani, don sun gane tambayar ba ta wasa ba ce.

Abin da zan faɗa ya faru a zamanin mulkin farar hula na wancan lokaci, sa'ad da jam'iyya ta shiga ko'ina, har wurin rabon taki da sauyin malamai. 'Yan aji huɗu sun karanta labarin wani wakilin sarki da aka ba amanar hatsi a shekarar yunwa, ya kai garin da aka aike shi, ya nuna wa mutane buhunan, sannan ya juya da su. Isiyaku ya ba su aikin gida, ya ce kowa ya rubuta ko ya taɓa ganin irin wannan da idonsa.

Akwai wata yarinya a ajin mai suna Asabe, 'yar wani matuƙin jirgin ruwa daga ƙauyukan da aka tsugunar bayan ruwan Kainji ya ci tsoffin garuruwansu. Ba ta cika magana ba. Ita ce ta rubuta cewa an kawo kwanon rufin makarantar firamaren garinsu a jirgi, aka yi taro, aka yi kiɗa, manya suka yi jawabi. Bayan kwana biyu aka mayar da kwanon cikin jirgin da ya kawo shi, ya koma Yelwa, ya hau kan rumbun albasar ciyaman na jam'iyya, wanda shi ne ɗan kwangilar. Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta faɗi sunan garin ba. Ta ce kwanon baƙunta ya zo musu, ya yi kwana biyu ya koma gida, ƙannenta kuma suna karatu a aji marar rufi, idan hadari ya taso a tashe su.

Isiyaku ya kawo mini littafin a ofishin malamai, fuskarsa cike da murna. Na karanta, na ga sunanta a bango. Na ce masa rubutun ya yi kyau, ya ba ta maki ya mayar mata a ɓoye. Bai ji ba. Washegari ya karanta shi a gaban aji, ya dai rufe sunan. Kafin ranar kasuwa maganar baƙon kwano ta cika gari. Mata masu bandar kifi suna yi, 'yan dako suna yi, duk inda ciyaman ya gitta da motarsa sai wani ya tambayi wani ko baƙo ya isa gida lafiya.

Ranar Litinin ciyaman ya zo makaranta da kansa, tare da wani jami'i daga ofishin ilimi na shiyya. Aka kira mu ofishin shugaban makaranta. Ciyaman bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya faɗa da yara, sunan kawai yake so, don ya san gidan da maganar ta fito. Duk wanda ke ɗakin ya gane nufinsa. Wanda ya san kwano ya je ya dawo a jirgi ɗaya, to daga gidan mai jirgin yake, kuma mai jirgin da dakon kayan ciyaman yake ciyar da iyalinsa.

Isiyaku ya ce, "Ranka ya daɗe, ni nab ba da aikin, ni nak karanta shi a aji. In akwai tambaya, ni za a yi wa."

Jami'in ya ce a kawo littattafan 'yan ajin duka. Isiyaku ya ce ya yage shafin ya sa a murhu tun ranar Juma'a. Ciyaman ya dube shi ya ce, "Malam, ɗiyan mutane aka ba ka ka koya musu Hausa, ba siyasa ba." Isiyaku ya ce abin da ke cikin littafin gwamnati ya koyar, kuma ba shi ya sa labarin ya yi kama da wani ba.

Aka juyo kaina, aka tambaye ni ko na san yaron. Na ce ban sani ba. Shekara da shekaru da wannan kalma guda nake lallashin kaina, ina cewa ai ban tona yarinyar ba. Amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Bayan sati biyu aka kawo rahoton da za a aika Ma'aikatar Ilimi a Sakkwato, wanda ya ce Malam Isiyaku yana tunzura ɗalibai a kan shugabanni, yana amfani da aji don yi wa 'yan hamayya aiki. Ana bukatar hannun shugaban makaranta da na mataimakinsa. Aka ma ce in gyara Turancin, tunda na fi iyawa. Na gyara, na sa hannu. A lokacin sunana yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma, yayan matata kuma ɗan jam'iyya ne, ya zo har gida ya ce kada in jefa kaina cikin abin da ba nawa ba. Na gaya wa kaina cewa ko ban sa hannu ba wani zai sa. Wataƙila haka ne. Amma ni na sa.

Aka rage masa matsayi, aka tura shi wata firamare can bayan Wara, inda da damina sai a kwalekwale ake shiga. Ni kuwa kafin shekara ta zagayo na zama shugaban makaranta. Da sojoji suka karɓi mulki ciyaman ya rasa kujerarsa, har ya ɗan sha tsare, amma babu wanda ya tuna da fayil ɗin wani malamin Hausa. Na rubuta takarda ɗaya ina neman a dawo mini da shi. Ba a amsa ba, ni kuma ban bi sawu ba, don bin sawu yana nufin in je Sakkwato in ce rahoton da ke ɗauke da hannuna ƙarya ne.

Sau ɗaya na kai masa ziyara. Na same shi a gindin wata tsamiya da yara sun kewaye shi, rabinsu ba su jin Hausa sosai, yana ba su labari yana haɗawa da 'yan kalmomin Kambarci da ya koya. Ya rame, amma muryarsa tana nan. Matarsa ta kawo mana tuwon dawa da miyar busasshen kifi. Muna ci ya ce, "Bawa, na ga takardar. Turancinka ya yi kyau. Wuri guda kaɗai ka yi kuskure, inda kac ce na tunzura su. Ban tunzura su ba, tambayarsu na yi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Shi ya ci gaba, ya ce shi ma yana da nasa laifin, kuma ya fi damunsa fiye da nawa. Ya ce daɗin rubutun ne ya ɗauke shi, ya karanta a fili don a ga irin ɗalibar da yake da ita, bai tuna da uban yarinyar ba sai da magana ta fita. "Ka hana ni, ban ji ba. Wanga zaman da nike yi nan, rabinsa ni na saye shi." Daga nan ya sauya magana, ya ce in aiko masa da tsoffin littattafan karatu idan akwai waɗanda makaranta ta gama da su. Na so in ce ya yafe mini. Na yi ta jiran inda zan saka maganar har mai kwalekwale ya aiko cewa zai tashi. Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya kama shi da damina, kafin a fito da shi a iso Yelwa jiki ya riga ya yi nisa.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Jikokina suna sakandare, na duba jakunkunansu ban ga littafin hikaya ko ɗaya ba, sai ƙunshin tambayoyin jarrabawar shekarun baya da amsoshinsu. Sun san sunan littafi da jigonsa, ba su taɓa buɗe shi ba. Iyaye da kansu suke neman inda za a taimaka wa yaro a ɗakin jarrabawa, ba a ma ɓoyewa. Lokacin zaɓe kuwa sai ka ji 'yan takara suna kawo baitocin wa'azi a kan amana da tsoron Allah, da lasifika, a gaban makarantun da iska ta kwashe rufinsu tun bara waccan. Da 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri na yi kwanaki ban iya cin abinci ba, ina tunanin malaman da ke tsaye a gaban aji yanzu, waɗanda abin da ake nema su tare wa ɗalibansu ya wuce fushin wani ciyaman nesa ba kusa ba.

Ba na jin Isiyaku zai zauna yana kukan zamani kamar yadda nake yi. Bai taɓa yarda cewa mutanen da sun fi na yanzu kirki ba. Ya kan ce da sun fi mu, da ba su cika littattafansu da azzalumai da maciya amana ba. Ina jin abin da zai dame shi shi ne a ce yaro ya gama makaranta ba a taɓa ba shi labari an tambaye shi inda yake tsaye a ciki ba. Amma wannan zato ne kawai. Na lura mu masu rai muna son sa wa mamaci maganar da za ta yi mana daɗi.

Bara na haɗu da Asabe a Birnin Kebbi wurin tantance 'yan fansho. Ta yi aikin ungozoma a asibitocin Shanga da Ngaski har ta ajiye, ita ma ta yi furfura. Ita ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni. Muka zauna a benci muna jiran layi, maganar Malam ta taso. Ta ce a makon da abin ya faru ta je gidansa tana kuka, ta ce za ta je ta faɗa cewa ita ce. Ya ce mata idan ta yi haka ta ɓata masa aiki sau biyu, ta koma ta gama karatunta. Ta ce mahaifinta har ya rasu bai san abin da aka tare masa ba.

Na yi ƙarfin hali na ce mata akwai abin da ba ta sani ba game da takardar da ta kore shi. Ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Mun sani, Malam. Duk ajinmu mun sani tun lokacin." Aka kira lambarta ta tashi. Na zauna ina tuna shekarar da na yi ina tsayawa a gaban yaran nan kowace safiya a matsayin shugaban makaranta, ina yi musu nasiha a kan gaskiya, suna saurare cikin ladabi.

Isiyaku bai bar gida ba, bai bar littafi da sunansa ba, babu ajin da aka sa wa sunansa. Abin da ya bari shi ne mace guda da ta gama karatu ta karɓi haihuwar yaran ƙauyukan bakin ruwa shekara da shekaru, da wani mai jirgi da ya mutu da sana'arsa a hannu, da 'yan aji guda da suka ga malaminsu ya yi abin da littafi ya ce a ranar da yin hakan ke da tsada. Ban san ko wannan ya isa ladan shekarun da ya yi a bayan ruwa ba. Allah ne ya san wannan, kuma ina roƙonsa Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa.

Ni dai abin da ya rage a hannuna guda ne. Rahoton nan wataƙila gara ta cinye shi tuntuni a wani ɗakin ajiya a Sakkwato, waɗanda suka nemi a rubuta shi duk sun rasu, shi ma wanda ya kamata in faɗa wa ba zai ji ba. Duk da haka ina so a karanta a jarida, da bakina, tun ina da rai: abin da aka rubuta a kan Malam Isiyaku ƙarya ne, na san ƙarya ne a ranar, kuma hannun da ke ƙasan takardar nawa ne.